Neman shawara: ya dace in kai damuwata da matsalar aurena ga mai ba da shawara ta waya?

Mai tambaya:

Assalamu alaikum 'yan uwa, ina roƙon a sakaya sunana. Ni malamar firamare ce a wani ƙaramin gari, kuma wata biyar ke nan da haihuwar ɗana na biyu. Maigidana yana aiki a Fatakwal, sai jefi-jefi yake zuwa. Tun da na yi arba'in na dawo ɗakina barci ya ƙaurace mini ko da jaririn ya yi barci, abinci ba ya yi mini daɗi, kuma kuka yakan zo mini ba tare da kowa ya ɓata mini rai ba. Duk wayar da muka yi da maigida sai ta ƙare da cacar baki, shi yana cewa na canza hali, ni kuma ina ganin ba ya saurarona. Mahaifiyata ta ce in yi haƙuri in yawaita addu'a, kuma ina yi.

Na ga tallar wata mata a Facebook mai cewa tana sasanta ma'aurata ta WhatsApp, amma da na yi mata magana sai ta ce in fara tura kuɗi, sannan in tura mata hotunan saƙonnin da ke tsakanina da mijina. Hankalina bai kwanta ba. Shin shawara ta waya tana da amfani kuwa, kuma yin ta ba tona asirin aure ba ne?

Wata ma'aikaciyar jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya yaro. Kafin a shiga maganar aure ina so ki dubi kanki, domin rashin barci, rashin cin abinci da kuka babu dalili, idan suka wuce mako 2 a jere ga mace mai jego, alamu ne na ciwon damuwa na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, kuma akasari wannan ciwon ne. Ba raunin imani ba ne, kuma yana warkewa. A ganina mai yiwuwa ciwon ne ya haifar da saɓanin da ke tsakaninku, saboda haka sulhu kaɗai ba zai isa ba.

Ki fara zuwa asibiti da ƙafarki likita ya duba ki, a auna jininki, domin ƙarancin jini bayan haihuwa shi ma yana kawo kasala da faɗuwar gaba, kuma babu wanda zai gane shi ta waya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano da kuma sashen da ke Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, amma ko babban asibitin da ke kusa da ke ya isa a fara.

Bayan haka shawara ta waya tana da amfani sosai, musamman ga mai goyo da ke nesa da birni, kuma an tabbatar tana taimaka wa masu damuwar da ba ta yi tsanani ba. Ta ƙwararru tana da tsari. Akan sa rana da lokaci, akan yi kamar minti 45 zuwa awa ɗaya sau ɗaya a mako na tsawon makonni, kuma akan ba ki abin da za ki gwada kafin zama na gaba, kamar rubuta tunanin da ke hana ki barci ko tsara yadda za ki fara magana da maigida. Amma idan tunanin cutar da kanki ko jaririn ya taɓa zuwar miki, ko kika fara jin muryoyin da wasu ba sa ji, kada ki jira wani zama, a kai ki asibiti a ranar, ko ki kira lambar gaggawa ta 112.

Wata Hajiya:

'Yata, Allah ya kawo miki sauƙi. Maganar asibiti na yarda da ita ɗari bisa ɗari, amma ni ban gamsu da a ɗauki cikin gida a miƙa wa wanda bai san ki ba, bai san mijinki ba, bai san iyayenku ba. Wanda ya ji ɓangare ɗaya zai iya ɗora miki abin da zai rusa gidanki, shi kuma ya kashe wayarsa ya kwanta. Aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce idan an ji tsoron ɓaraka a ɗauko mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginta. Ba ki da gwaggo ko yaya mai hankali da riƙon amana? Kuma ki nemi wata 'yar uwa ta zo ta taya ki zama, domin goyo da aikin makaranta da kaɗaici sun yi wa mace ɗaya yawa.

Wani malamin Islamiyya:

Baiwar Allah, game da tona asiri, malamai sun bambanta yayata aibin miji da kai kuka ga wanda zai iya magance shi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Hindu 'yar Utba ta kai ƙorafin mijinta Abu Sufyan ga Manzon Allah (SAW) a kan rashin wadatar da ita da 'ya'yanta, bai kuma hana ta faɗa ba, sai ya ba ta mafita. Saboda haka faɗa wa likita ko mai ba da shawara gwargwadon abin da ake buƙata ya halatta, sai dai ki tsaya ga buƙatar, kuma idan akwai mace ƙwararriya ita ta fi. Maganar Hajiya tana nan a wurinta idan saɓanin ya kai ga ɓaraka, ku kuwa ban ga alamar kun kai can ba.

Wani magidanci:

Ki rabu da matar nan ta Facebook. Saƙonnin mijinki ba naki ba ne ke kaɗai, kuma duk wanda suka shiga hannunsa zai iya yi muku barazana da su gobe. Karɓar kuɗi ba laifi ba ne, domin sana'a ce, amma mai gaskiya zai fara faɗa miki cikakken sunansa, da abin da ya karanta, da asibiti ko ƙungiyar da yake aiki a ƙarƙashinta, da kuɗin kowane zama, da kuma yanayin da zai sa dole ya sanar da wani, wato idan rai yana cikin haɗari. Idan ya ce shi likita ne, dole ya kasance da rajista a Hukumar Kula da Likitoci ta Najeriya, MDCN, kuma kina da damar tambayar lambarsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta tanadi kare sirrin mai neman magani. Hanya mafi aminci ita ce ki roƙi likitan da ya duba ki ya haɗa ki da wanda ya sani.

A matsayina na namiji kuma, ina ba ki shawara kada ki ɓoye wa maigida. Idan ya tsinci kira na awa guda da baƙuwar lamba a wayarki, zargi ne zai shigo a kan matsalar da ake da ita.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Tunanin cutar da kaina bai taɓa zuwar mini ba, alhamdu lillahi, kuma ban tura wa matar komai ba. Hajiya, ƙanwata za ta zo idan an yi hutu. Abin da ya rage shi ne ina shayarwa, ina tsoron magani, kuma ban san yadda zan faɗa wa maigida ba tare da ya ɗauka na samu taɓin hankali ba.

Ma'aikaciyar jinyar:

Ba kowa ake ba magani ba, da yawa tattaunawa da samun mataimaki a gida sun wadatar da su. Idan likita ya ga ana buƙata, akwai magungunan da ake ba masu shayarwa, sai dai ki sanar da shi kina shayarwa tun farko, kada ki saya da kanki a kyamis, kuma ki sani sukan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a fara jin sauƙi. Shi kuma maigida, ki zaɓi lokacin da ba ku cikin fushi, ki fara da abin da jikinki ke ji, wato rashin barci da rashin cin abinci, ki nemi izininsa na zuwa asibiti. Ranar da kika je, ki roƙi likitan ya yi masa bayani da kansa ta waya, kuma idan an fara zaman tattaunawar ki tambaya ko za a iya haɗa shi a kiran daga Fatakwal ko da sau ɗaya ne.