journald ko tsohon syslog: wanne ya fi?

Malam Sani: Ni fa har gobe ina kan bakana. Log ɗin, wato bayanan da na'ura ke ajiyewa na abin da ke faruwa a cikinta, da mutum ba zai buɗe ya karanta da idonsa ba, ban ga amfaninsa ba. Tun shekarun 1980 da Eric Allman ya samar da syslog, tsarin ajiye log, saboda manhajar imel ta Sendmail, layi-layi ake rubuta komai, ka sa grep, umarnin binciken rubutu, ka tsamo abin da kake nema. Kwatsam a 2011 sai ga Lennart Poettering da journald, sabon tsarin log na Linux da ba ya ajiye rubutu zalla, wai sai ka bi ta umarnin journalctl kafin ka ga abin da na'urarka ta rubuta.

Bilkisu: Allah ya gafarta Malam, to fayil ɗin wtmp, mai ajiye tarihin shiga na'ura, fa? Shekara nawa kuna buga umarnin last don ganin wanda ya shiga na'ura? Shi ma ai ba rubutu ba ne, kuma ba wanda ya ce uffan.

Malam Sani: Wannan ɗan mitsitsin fayil ne, 'yata.

Bilkisu: To a duba tsohon tsarin layin syslog da ke cikin takardar RFC 3164. Akwai wata, akwai rana da lokaci, amma babu shekara. Sannan kowace manhaja tana iya rubuta layi da sunan wata, ba mai tantancewa. Shi kuwa journald daga kernel, wato zuciyar Linux, yake karɓar PID da UID, lambobin shaidar manhaja da mai amfani, na mai aikowa, ba a yi masa ƙarya a nan. Ina buga journalctl -u ssh -b -1, sai abin da ya faru kafin a sake kunna na'ura ya fito, ba lalube.

Auwal: Anti, ki bari a ɗauke wuta tukuna. Ranar da batirin inbatarmu ya mutu, na tarar da fayil ɗin journald an maƙala masa ~ a ƙarshen suna, journald ya ture shi gefe ya buɗe sabo. Layukan ƙarshe, waɗanda su nake nema, babu su.

Bilkisu: Ko rubutu zalla ne, abin da bai kai ga diski ba ya tafi, Auwal.

Malam Sani: Gaskiya ne, amma rubutun da ya yage rabi ina kwashe shi a filashi, in buɗe ko a Notepad ne. Naki kuwa sai na nemo wata Linux mai journalctl, ga maigida tsaye a kaina.

Auwal: Shi ya sa da na ɗora Linux ta Debian 12 nake fara saka rsyslog, mai rubuta log irin na syslog, tunda tun 2023 ba ta zuwa da shi.

Bilkisu: Rsyslog ɗin naka ma ai daga hannun journald yake karɓa.

Malam Sani: Ya karɓa ko daga hannun wa, in dai zan iske /var/log/syslog a inda na barshi.