Ina neman shawara: koyar da tarihin neman 'yanci da zanen barkwanci

Assalamu alaikum 'yan uwa malamai. Ina koyar da tarihi a aji biyar na sakandare, mun iso kan Yaƙin Duniya na Biyu da yadda ya zaburar da neman 'yancin kai. Ina so in shigo da zanen barkwancin jaridun lokacin, musamman na Akinola Lasekan, wanda ya fara yi wa West African Pilot zane a 1944 da laƙabin Lash. Damuwata kada yara su yi dariya su tashi hannu rabbana. Ta ina zan fara?

Malama daga Zariya:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ka fara da zanen, fara da alkawarin da aka saɓa. A Agustan 1941 Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka suka fitar da Yarjejeniyar Atlantika, wadda ta ce kowace al'umma tana da haƙƙin zaɓar irin gwamnatin da take so. Wata bai cika zagayowa ba Churchill ya faɗa wa majalisarsu cewa ƙasashen Turai da Hitila ya mamaye ake nufi. Ga kuma samarinmu an kwashe su zuwa Bama a runduna ta 81 da ta 82, suna yi wa wasu yaƙin 'yancin da aka hana su a gida. In yaro ya riƙe wannan, da kansa zai gane inda habaicin ya dosa.

Tsohon ɗan jarida:
Gaskiyarki Malama, amma akwai saura. Zane ba shaidar Allah ba ne, mai jarida yake yi wa aiki. Azikiwe, wato Zik, ne ya kafa Pilot a 1937, daga baya ta zama bakin jam'iyyarsa ta NCNC, don haka alƙalamin Lash bai tsaya kan Turawa ba, abokan hamayyar Zik na gida ma sun ɗanɗana. Duk zanen da ka ɗora a allo, su fara tambaya: wace jarida, ta wa, wace shekara? Ka kuma gaya musu a 1943 Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo ya je Ingila cikin ayarin 'yan jarida tare da Zik, amma ya ƙi sa hannu a takardar neman mulkin kai da Zik ya tsara. Nan ne gardama za ta yi daɗi a aji, domin Arewa da Legas ba ido ɗaya suke kallon lamarin ba.

Ɗalibin jami'a:
Baba ya gama magana. Malam, don ɗumama aji gwada zanen David Low, mai zanen barkwanci a Ingila, na Satumban 1939: Hitila da Stalin na Rasha sun cire hula suna rusuna wa juna cikin ladabi, kowa na kiran ɗan'uwansa da zagi, ga gawa kwance a tsakaninsu, wato ƙasar Folan. Rufe rubutun, su faɗi abin da suka gani. Sannan ka ce musu zuwa 1941 Hitila ya afka wa Rasha, Stalin ya koma abokin Churchill.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To Baba, batun Imam in sa shi kafin zanen Lash ko bayansa?

Tsohon ɗan jarida:
Bayansa. Bari su gama ɗaukar ɓangare tukuna.