Hotunan talakawan Amurka na shekarun 1930: shaida ne ko tallar gwamnati?

Malam Bala: Ni dai ina kan bakata. Hotunan da FSA, hukumar tallafa wa ƙananan manoma ta gwamnatin Amurka, da hukumar da ta gada suka ɗauka na manoma da 'yan ci-ranin Amurka lokacin karayar tattalin arziki tallar gwamnatin Shugaba Franklin Roosevelt ce. Gwamnati ke biyan masu ɗaukar hoton, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban sashen, Roy Stryker, har jerin abin da yake so a ɗauko yake rubuta musu. Hoton da bai yi masa ba, sai ya huda nagetif ɗin, in an wanke baƙin tabo ya fito a jiki. Ga Arthur Rothstein, ɗaya daga masu ɗaukar hoton: a 1936 ya tsinci ƙoƙon kan wani mataccen sa a Dakota ta Kudu, ya matsar da shi kamar mita 3, ya ɗauke shi a kan ƙasar da ta tsattsage da kuma inda ke da ciyawa. Jaridar Fargo Forum ta tona shi.

Hajiya Rabi: Malam, ƙoƙon kan na yarda, kuskure ne, ya kuma ba 'yan adawa makami. Amma farin 1936 ba Rothstein ya ƙirƙire shi ba. Sannan a duba kayan aikin zamanin. Walker Evans da ya je gundumar Hale a Alabama, kyamara mai fim inci 8 da 10 yake amfani da ita. Sai ka kafa ta kan ƙafa uku, ka lulluɓe kai da baƙin ƙyalle, ka saita hoton a gilashi yana kife, ka rufe idon kyamarar, ka zura gidan fim ɗin, ka zare marufinsa, sannan ka latsa. A cikin ɗaki mai ƙarancin haske, mutum ya motsa kaɗan fuska ta dushe. Dole ka ce wa mutum ya tsaya. Tsayar da mutum ba ƙarya ba ce.

Aminu: Hajiya, to babban yatsan fa? A hoton Dorothea Lange na uwar 'yan ci-rani, wanda ta ɗauka a Nipomo, Kalifoniya, a Maris 1936, yatsan matar na riƙe da sandar tanti ta ƙasa hannun dama. A 1939 Lange ta sa aka goge shi a jikin nagetif ɗin kansa. Har yau in ka ƙura ido za ka ga alamarsa.

Hajiya Rabi: Aminu, yatsan bai ƙara wa matar yunwa ba, bai rage ba. Abin da ya fi damuna rubutun da ke rakiyar hoton. Lange ba ta tambayi sunanta ba. Lange ɗin ta ce iyalin sun sayar da tayoyin motarsu don sayen abinci. Daga baya 'ya'yan suka musanta: motar ce ta lalace, mazan suka kai lagireto gyara cikin gari, uwar kuma ta zauna jira a sansanin masu tsinkar koren wake da sanyi ya ƙone musu gona. Sunanta Florence Owens Thompson, shekararta 32, kuma 'yar ƙabilar Cherokee ce daga Oklahoma, abin da masu kallo ba su sani ba sai 1978.

Malam Bala: To kin ga kin dawo layina.

Hajiya Rabi: A'a, Malam. Kai ka ce a zubar da hotunan a matsayin shaida, ni na ce a karanta su da lura. Ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka na ajiye da nagetif kusan 175,000, har da waɗanda Stryker ya huda. Ka buɗe sauran hotunan da Lange ta ɗauka ranar, za ka ga ta fara daga nesa, tanti da akwati duk sun fito, tana matsowa har ta tsaya kan fuskar uwar, yara biyu sun juya baya. 

Aminu: Abin da ke ci mini rai shi ne, bayan jaridar San Francisco News ta buga hotunan, gwamnati ta aika abinci mai nauyin fam 20,000 (kimanin kilo 9,000) zuwa sansanin, amma kafin ya iso Florence da 'ya'yanta sun yi gaba. Hoton mallakar gwamnati ne, ko sisi ba ta samu daga sayar da shi ba.