Set na bakwai, zuciya ta uku ta faɗo a katin ƙarshe: a bi ko a yar?

Ɗan_Botin ya rubuta:

Jama'a barkanmu da war haka. Ina neman ra'ayinku kan wani hannu da na buga a teburin kartar poker (Texas Hold'em) na dala 1/2, wato ƙaramin bilan 1 babban bilan 2, kuɗin da ake sawa dole kafin a raba kati. Wasan kuɗi ne ba gasa ba. Ni da mutumin da muka kara kowa na da 600 a gabansa, wato babban bilan (bb) 300 ke nan.

Ina kan botin, wato kujerar da ke wasa a ƙarshe, da 7♠7♣. Na hannun damana ya buɗe da 8, na bi, mai babban bilan ma ya bi. Shi wannan dattijo ne mai sanyin wasa, ya fi son bi a kan ƙari, kuma tun da na zauna ban ga ya yi burga ba. Fulof, wato kati uku na farko da ake buɗewa a tebur, ya zo K♥ 7♦ 4♥, na samu set ke nan, wato bakwai uku. Dattijo ya yi cek, wato ya wuce bai zuba komai ba, wanda ya buɗe ya zuba 15, na ƙara zuwa 50. Dattijo ya bi hamsin ɗin ba wani dogon tunani, ɗayan ya yar. Kati na huɗu 2♣, ya yi cek, na zuba 100 a kan 140, ya bi. Na biyar 9♥. Ya sake cek, na zuba 120 a kan 340, sai kawai ya turo duk abin da ke gabansa, 442.

Na yar, shi kuma bai nuna ba. Wanda ke kusa da ni ya ce ko da bindiga a kansa ba zai yar da set a 1/2 ba. To yarwar nan daidai ce? Sannan 120 ɗin da na zuba, ya kamata ko da cek na yi?

Kawu_Lissafi ya amsa:

Ɗana, bari mu fara da kuɗin, don shi ba ya ƙarya. Bayan ya turo 442, abin da ke tsakiya ya zama 340 da 120 naka da 442 nasa, 902 ke nan. Kai kuma 322 za ka cika. Ka raba 322 da jimillar 1,224, ya ba ka kashi 26 cikin ɗari da 'yan kai. Ma'ana in kana cin sau ɗaya cikin huɗu ma ba ka kai ba, sai ka ɗan haura haka. Farashi ne mai kyau, shi ya sa mutane ke bi ido rufe. Amma farashi mai kyau ba ya nufin kayan na nan.

Yanzu ƙirga abin da zai iya riƙewa. Zuciya uku na kan tebur, ba ka riƙe ko ɗaya ba, saura goma: A, Q, J, 10, 8, 7, 6, 5, 3, 2. A♥ da kowace ɗaya daga sauran tara, haɗi 9 ke nan na fulash mafi girma (fulash shi ne kati biyar masu kala ɗaya, kuma yana doke set). Mai babban bilan irin wannan yana shiga da QJ, Q10, J10, 10-8, 87, 76, 65 masu zuciya, ga wasu 7. Ko ka ce rabinsu ne kawai yake turawa da su, ka kai 12 ko 13 da suka doke ka. Don bin ya biya, kana buƙatar haɗi 4 zuwa 5 da kai ka doke, kuma waɗanda za su yi cek sannan su turo komai.

Ina suke? 44 haɗi 3 ne, kuma mai 44 da ya daure bai ƙara a fulof ba, bai ƙara a kati na huɗu ba, ba zai jira sai zuciya ta uku ta faɗo sannan ya tuna yana da set ba. K7 da K9 ma haka, bi za su yi suna addu'a. Jere, wato kati biyar masu bin juna, ba ya yiwuwa a wannan tebur sam, don haka burgar da ta rage ita ce 65 da ba ta cika ba, ta sifed da daimon da kulob, haɗi 3. Ko da duk ukun yana burga da su kowane lokaci ba ka kai ba, balle mutumin da ka ce ba ka taɓa ganin burgarsa ba.

Akwai wani abu da 'yan "ba na yar da set" ba sa dubawa. A kati na huɗu, in fulash yake nema, zuciya tara suka rage, amma 2♥ na ba ka ful-haus (uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya), 7♥ na ba ka bakwai huɗu, kuma dukansu sun fi fulash. Saura masu tsabta 7 cikin 44, kusan kashi 16. Shi kuwa ya biya 100 don ya ci 240, abin da ke buƙatar kashi 29. Bin nan nasa asara ce, sai fa in zai ƙara samun kusan 290 daga wurinka duk lokacin da zuciyar ta zo. Ka ba shi 120, bin nasa na nan a matsayin asara. Da ka ba shi 442, kai da hannunka ka mai da shi riba. Wato a katin ƙarshe ne ake yanke hukuncin ko wasan da ya yi a kati na huɗu wauta ne ko dabara, kuma kai ne alƙalin.

Zancen 120 kuwa, ban ga laifinsa ba. Irin wannan mutum yana zuwa nan da KQ, KJ, K10, kowanne haɗi 12, kuma da yawansu za su biya kashi ɗaya bisa uku na tsakiya. Ni da zan rage zuwa 90 ko 100, amma wannan ɗanɗano ne. Sharaɗin kawai shi ne tun kafin kuɗin su bar hannunka ka riga ka san abin da za ka yi in ya ƙara.

Zafin_Nama ya amsa:

Kawu, da girmamawa, lissafinka daidai ne amma ka dubi gefe ɗaya. Juya ta wurinsa. Ya sa 442 don ya kwashe 460. In Ɗan_Botin na yarwa fiye da kashi 49 cikin ɗari a nan, mutumin na cin riba da kowane kati biyu, ko tarkace ne. To in set ma za mu yar, me ya rage da za mu bi da shi? Fulash kaɗai. Duk wanda ya lura da haka zai riƙa hawa kanmu duk sanda kala ta uku ta faɗo. Duk wanda ya zauna da PioSolver, manhajar kwamfuta mai lissafin wasan poker, ya san ba ya barin a yar da rabin hannaye haka kawai, dole a samu abin tarewa. Ni a intanet, inda nake haɗuwa da masu A♥ guda da ke mai da hannunsu burga, ba na yar da wannan cikin sauƙi.

Kawu_Lissafi ya amsa:

Ban musa ba, yaro. Kashi 49 ɗin nan gaskiya ce, amma kariya ce daga mutumin da ke burga yadda ya kamata. Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa: wanda ke gabanmu dattijo ne mai bi, ba kwamfuta ba. In ya fara hawa kanmu za mu gani, don a tebur na ido da ido ana nuna hannaye, sai mu gyara. Kafin nan, biyan 322 don kare kai daga burgar da babu ita kyauta ce kawai.

Kuma tunda ka kawo na'urar, ka san ba da girman hannu take zaɓar abin tarewa ba. A wannan wuri da babu hannun cin kuɗi da muka doke, set na bakwai da AK duk abu ɗaya suke yi, burga kawai suke kamawa. Kai A♥K♠ ma ya fi 7♠7♣ dacewa da bi, domin A♥ da ke hannunka ta share haɗi 9 na babban fulash gaba ɗaya. Bakwai biyu baƙaƙe ba su tare komai ba. Abin na da wuyar haɗiya, na sani, mutum ya yar da set ya bi da sarki biyu, amma haka ƙirgen ya nuna.

Ɗan_Botin ya rubuta:

Na gode Kawu, na gode Malam Zafi. Zancen A♥ ɗin nan ban taɓa kallonsa ta haka ba. To in haka ne, KK, wato sarki biyu a hannu, kafin fulof fa? Shi ma akwai lokacin da ake yar da shi?

Uwar_Kulob ta amsa:

Ƙanena, kada ka ɗauki abin da Kawu ya faɗa ka mai da shi lasisin tsoro, don na ga masu yin haka: sun yar da set sau ɗaya an yaba musu, daga nan duk wanda ya yi tari sai su ajiye kati. Zurfin kuɗi ne ya kawo wannan magana tun farko. Da bb 100 kuke da su, wato 200, bayan 8 da 50 saura 142 a kan tsakiya 140, da a kati na huɗu ka tura duka, shi ke nan, ba sauran tambaya. Set a wannan zurfin ba abin yarwa ba ne, ko set ya haɗu da set ka biya ka sake sayen cif, tunda ba gasa ba ce da za a ce an fitar da kai. A bb 300 ne hannun da mutane ke yarda su zuba komai da shi ke ƙara girma, har set na tsakiya ya koma mai kama burga.

KK ma haka yake. Kana riƙe da shi, damar wani mutum guda na da AA haɗi 6 ne cikin 1,225, ƙasa da rabin kashi ɗaya. A tebur mai mutum tara abin na kaiwa kusan kashi 4. In kuka haɗu kana da kusan kashi 18 na ci. A bb 100 ba na ko tunani, domin QQ da AK suna cikin abin da ake turawa da shi, kuma AK kaɗai haɗi 8 ne bayan sarakunanka biyu. Amma a ce bb 300, ka ƙara, an ƙara maka, ka sake ƙarawa, sannan mutumin da na ga yana bi kawai da QQ da AK ya turo duka, to wannan na ajiye masa, kuma ba na nuna wa kowa abin da na ajiye. Nunawar nan ita ce ke koya wa su Zafin_Nama inda za su taka.

Abu ɗaya da zan ƙara kan hannunka: ƙarin da ka yi a fulof ya yi mini kaɗan. Da zurfin 600 da mutum biyu a ciki, ga zuciya biyu a tebur, ni 60 zan yi, sannan a kati na huɗu in zuba kusan cikar tsakiya. Mai neman fulash irin wannan dattijon zai biya duk da haka, kuma abin da zai rage a bayanku a katin ƙarshe ba zai kai 442 ba.