Wane suna za mu raɗa wa soundbar da Hausa?

Mai shagon kayan wuta, titin Emir Yahaya, Sakkwato:
Assalamu alaikum. Jama'a, wagga doguwar lasifika da ake azawa ƙarƙashin talabijin, wadda Turawa ka kira soundbar, har yau ba ta da suna a bakinmu. Mai saye ya ce "doguwar nan", yaran shago su ce sifika, alhali sifika iri-iri ce. Mi za mu ce mata?

Malamin Hausa, Runjin Sambo:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Masu sana'a su fara faɗin aikinta tukuna. Amsa-kuwwa dai ba ta shiga, wannan ta hasumiyar masallaci ce da motar talla.

Mai gyara, Mabera:
Malam, talabijin na yanzu ya yi siriri, babu wurin da sauti zai zauna a cikinsa. Lasifikunsa biyu ne ƙanana, galibi wat 10 kowace, kuma ƙasa ko bango suke kallo. Shi ya sa da an kunna fanka ko janareta sai maganar mai labarai ta ɓace, ana ƙara murya ana samun hayaniya. Ita wannan tana jera lasifikun a layi ɗaya, suna fuskantar mai kallo. Lambobin da ke jikin kwali su ne abin dubawa: 2.0 hagu da dama kawai, 2.1 an ƙara akwatin da ke ba da dirin ƙasa, wanda yara ke kira wufa, 3.1 kuma akwai lasifikar tsakiya da aikinta fitar da magana. Ni na fi son "sandar murya".

Malamin Hausa:
Sanda ta dace da siffarta, na yarda. Amma murya ta mutum ce, ita kuwa wannan har kiɗa da ihun filin ƙwallo tana fitarwa. "Sandar ƙara" za ta zama zagi ga kayan Alhaji. Saura amo da sauti. Amo ya fi daɗin ji, sai dai sauti kowa ya san shi, daga ɗan firamare har gidan rediyo. Sandar sauti, jam'i sandunan sauti.

Mai haɗa sola, Arkilla:
Na bi bayan Malam. Wufa kuma mu ce mata ganga, sai a samu sandar sauti mai ganga da marar ganga. Ƙanena na Mabera, ka faɗa musu zancen wat, don nan aka fi cutar mutane.

Mai gyara:
Gaskiya ne, Yaya. In ka ga kwali an rubuta wat 2000 ko 5000 da haruffan PMPO a gefe, lambar talla ce. A nemi wadda ke da RMS, wato ƙarfin da take iya fitarwa a kai a kai. Ko ita ɗin ba ta nuna tsabtar sauti, don haka a sa a kunna labarai a shago, ba waƙa ba, a rage murya a saurara ko harafin "s" da "ts" suna fita. Kusan kowace sanda tana burge mutum da kiɗa.

In kuɗin bai da yawa, 2.1 ko 3.1 ta kamfanin da aka sani ta fi wadda ba a san asalinta ba mai rubutun 5.1, wato hanyoyin sauti biyar da ganga. Mai Dolby Atmos kuma, tsarin da ke sa a ji sauti kamar daga sama, mai lamba irin 5.1.2, lasifikunta biyu sama suke harba sauti ya dawo daga silin. Falon da silinsa ya yi tsawo ko aka yi masa ado hawa-hawa, kuɗin ya tafi a banza. Haka ma wanda kallonsa duk tashoshin dikoda ne.

Abin da bai kamata a sassauta a kansa ba shi ne kafar HDMI mai rubutun ARC ko eARC, wadda ke kai sautin talabijin zuwa sanda, a jikin talabijin da jikin sandar duka. Dikoda ta shiga wata kafar talabijin, kafar ARC ta tafi sanda. Sai a shiga saitin sauti a mayar da fitarsa waje, a kunna CEC, wanda Samsung ke kira Anynet+, LG kuma SimpLink, don rimot ɗaya ya ishe ka. In an yi duk wannan shiru, a sauya tsarin sautin zuwa PCM, sau da yawa nan matsalar take. Tsohon talabijin marar ARC sai wayar oftikal, a tuna a cire 'yar hular da ke bakinta. Bluetooth a bar wa waya, don a kallo sauti kan makara, ka ga baki ya motsa kafin magana ta iso.

Mai shagon kayan wuta:
Madalla. Amma fa Malam, a kasuwa in na ce sanda, wani zai ɗauka ta dogarawa nika nufi.

Malamin Hausa:
Kwana biyu ne, Alhaji. Ka rubuta "sandar sauti" a takardar farashi kusa da sunan Turancin, ido zai koya wa baki. Wanda ya ce doguwar sifika ma ba a hana shi ba, a rubuce ne muke son abu ɗaya.

Mai haɗa sola:
To bari in gwada ta a jimla. Duk mai sayen sandar sauti ta hannu, ya juya bayanta ya karanta. Wutarmu bolt 230 ce, kayan Amurka 120, in ta Amurka ce kuma ba a rubuta 100 zuwa 240 ba, ana jonawa za ta iya ƙonewa. Gangar ma tana da nata filogi, ita ma a duba, a kuma tabbatar ta haɗu da sandar tun a shago, domin gangar wani samfuri ba ta kama wata sandar. A sa sitabilaiza saboda janareta. A auna tsayin sandar kada ta tare idon rimot na talabijin. Ganga kar a cusa ta a kusurwa, gunji za ta yi ta danne magana, a ja ta kamar taƙi ɗaya daga bango. Lokacin hunturu a riƙa rufe su da ƙyalle in an kashe, ƙurar garin nan ba ta barin raga.