Fargaba da zama da masu ba da shawara: abin da aka tattauna

Na bi duk abin da jama'a suka faɗa a wata tattaunawa da aka yi a kan fargabar da ke hana mutum sakat da yadda za a magance ta. Ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda a fara zuwa asibiti. Bugun zuciya, gumi da sarƙewar numfashi na iya zama fargaba, amma ƙarancin jini ma yana kawo irinsu.

2. Waɗanda suka taɓa zama da mai ba da shawara, wato ƙwararren da ke taimaka wa masu damuwa ta hanyar tattaunawa, sun ce zama ɗaya ba ya isa, sai an yi makonni. Ana sa mutum ya rubuta tunanin da ke tayar masa da hankali, ya auna gaskiyarsa, sannan a hankali ya tunkari abin da yake gudu, ko kasuwa ce ko shiga mota. Da yawa sun ce farkon ya fi wuya.

3. An ambaci asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, da Dawanau a Kano. Abin da ke hana mutane zuwa shi ne tsoron a ce sun haukace.

4. Inda aka rabu: wasu sun ce addu'a da ruƙiyya sun wadatar, akasari kuwa sun ce a haɗa da asibiti. Ni ma can na karkata.

5. Kan ƙwayoyi ma an yi musu, sai dai babu wanda ya goyi bayan sayen diazepam, wani maganin kwantar da hankali, a kemis ba da takardar likita ba, don jiki yana sabawa da shi.

An kuma ce a rage kofi da goro.