Muhawara: Ɗan ƙauyen da ke zaune a Kano, ina ya kamata ya yi zaɓe?

Lawan: Assalamu alaikum, iyaye da yayye. Ina nan a kan maganar da na faɗa a wurin ɗaurin aure, cewa duk ɗan garinmu da zamansa ya koma birnin Kano ya kamata ya mayar da rajistar zaɓensa can, maimakon ya riƙa hawo mota zuwa Ringim duk bayan shekara huɗu, tunda hukumar INEC ta ba da damar sauya rumfar zaɓe a lokacin rajista. Mutum yana kwana a Kurna ko Rijiyar Lemo, yana neman abinci a kasuwar Singa ko Kantin Kwari, 'ya'yansa suna karatu a can, matarsa tana zuwa awo a asibitin can, amma ba shi da ta cewa a kan wanda zai mulki wurin. Ku tuna watan Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa a cikin birni bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Samarin ƙauyukanmu da dama da wannan sana'ar suke ci, suka wayi gari babu abin yi, kuma babu ɗan majalisar da zai saurari kukansu, domin ƙuri'unsu suna Jigawa.

Kawu Isiyaku: Wa alaikumus salam. Lawan, ɗana, na ji hujjarka, amma ka manta da yadda ɗan siyasa yake auna gari. Ba ya duba yawan gidaje ko girman masallaci, sakamakon akwati yake dubawa, kuma da shi ake tuna mu idan an zo rabon taki ko haƙa rijiyar burtsatse. Idan ku da kuke Kano kuka kwashe katunanku, akwatinmu zai koma na tsofaffi da mata, sai a riƙa wuce mu a kan titi. A ambaliyar 2022, wadda ta ci gonaki da gidaje a ƙasar Ringim, gonakin iyayenku ne suka nutse, kuma ku ne kuka yi ta aiko da kuɗin hatsi har aka ga wata kakar. Wanda irin wannan asara take shafa ba baƙo ba ne a zaɓen garin nan.

Malama Hadiza: Kawu, da girmamawa, ni a nan nake zaune kuma a nan nake koyarwa, amma na fi karkata ga maganar Lawan. Ina ganin yadda ake yi: ana gobe zaɓe motoci su iso daga Kano cike da 'yan'uwanmu, sau da yawa ɗan takara ne ya zuba musu mai, su dangwala wa wanda ya kawo su, kafin magariba sun juya. Ba su san cewa iska ta yaye rufin ajinmu tun damina ba, har yara suna ɗaukar darasi a gindin darbejiya, allon yana jingine da kututture, kuma da an ga hadari sai a tashe su. Mu da muka san kansilan da bai taɓa leƙowa ba muna so mu kayar da shi, sai ƙuri'un baƙin yini guda su rinjaye mu. Yawan da Kawu yake alfahari da shi, sau da yawa a kanmu yake ƙarewa.

Alhaji Musbahu: Ni a Dawanau nake kasuwanci, kuma ba zan ɗauke katina ba. Tun da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, takardar shaidar asalin 'ya'yana daga Ringim take fitowa, ko da a Kano aka haife su, kuma da ita za su nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati. Gwamnan da hukuncinsa zai taɓa makomarsu a Dutse yake zaune. Ban da haka, tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kujerar ciyaman ta zama abin da ya kamata mu sa wa ido sosai.

Lawan: Alhaji, wannan hukunci ya shafi ciyaman na Dala da na Ungogo kamar yadda ya shafi namu, kuma su ne ke da alhakin kwatar da take malalowa a ƙofar gidan da kake haya.

Alhaji Musbahu: Haka ne, sai dai a Dala ƙuri'ata ɗaya ce cikin dubban ɗaruruwa, a nan kuwa kansila ya san gidan mahaifina, kuma yana jin nauyin idona.

Malama Hadiza: To, Alhaji, idan yana jin nauyin idonka, ka yi amfani da shi a kan rufin nan. Ba zan ce kowa ya ɗauke katinsa ba, amma duk wanda ya bar shi a nan, ya zo da kuɗin motarsa, ya kwana biyu kafin zaɓe, ya zagaya makaranta da asibitin sha-ka-tafi, sannan ya tambaye mu wanda ya yi aiki.

Kawu Isiyaku: Wannan sharaɗi na Malama na karɓe shi, kuma zan kai maganar gaban mai gari bayan sallar Juma'a. Amma Lawan, batun ɗauke kati ban amince ba, kuma ina so ka zo da kanka ka maimaita hujjarka a gaban dattawa.